Yadda malami zai ci moriyar zaman koyo a asibitin yara

Wannan na malaman yara masu buƙata ta musamman ne, waɗanda ake horarwa don riƙon makaranta ko sashe, aka kuma ba su zaɓin zama a asibiti na ɗan lokaci tare da masu duba lalurorin ƙwaƙwalwar yara. Shawarata, ɗan'uwa, ka karɓa. A nan Kumasi babban wurin shi ne asibitin Komfo Anokye, wanda 'yan gari ke kira Gee. Ka nemi takarda daga inda ake horar da kai, ko jami'ar Winneba ce ko wani wurin, ka kai da wuri, ka tambayi ranar da ake ganin irin waɗannan yara. Wannan mai sauƙi ne.

Mai wuyar shi ne sanin abin da ya kai ka. Ba likita za ka zama ba. Ka je ne ka koyi lura, da yadda ake faɗin abin da aka gani ba ƙari ba ragi. Mu malamai mun saba rubuta "ba ya ji" ko "yana da taurin kai". Likita ba abin da zai yi da wannan.

Ka gaida uwar yaro, ka faɗa mata kai malami ne, ka nemi izininta kafin ka zauna. Ban da hoto, ban da suna a littafinka. Sannan ka kasa kunne ga tambayoyin farko: Yaya cikin ya kasance? Ya yi kuka da aka haife shi? Idonsa ya yi rawaya a satin farko? Ya taɓa zazzaɓi har ya sanƙare? Kowace da dalilinta. Rashin isasshiyar iska wajen haihuwa, da ciwon shawara na jarirai idan ya yi tsanani, suna iya taɓa ƙwaƙwalwa har yaro ya kasa sarrafa gaɓoɓinsa. Zazzaɓin sauro da ya hau kai kan bar farfaɗiya ko wahalar karatu.

Abin da na fi so ka tsaya a kai shi ne yaron da ke "tafiya" a aji. Na ga wata yarinya tana ƙirga marafan kwalba, ta kai huɗu sai ta tsaya cak, ido a buɗe, fatar idon na ɗan kaɗawa. Uwar ta kira ta, shiru. Bayan 'yan daƙiƙu ta ci gaba da biyar, ba ta ma san an yi ba. Wannan wani nau'in farfaɗiya ne da ba a faɗuwa, kuma yana da magani. Yaron da hankalinsa ne ke yawo, kana dafa kafaɗarsa zai waiwayo. Shi kuma ba a yanke masa hukuncin lalurar rashin natsuwa sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kuma bayyana a wuri fiye da ɗaya. Ka ga ke nan likita na buƙatar bayanin aji, kuma kai ne mai shi.

Wajen otizim, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, ka lura da ƙananan abubuwa: yana juyowa in an kira sunansa? Yana nuna abu da yatsa don uwarsa ta gani? Akwai takardar tantancewa mai suna M-CHAT-R, tambaya 20 ga iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30. Ishara kawai take yi, ba ta tabbatar da lalura. Kada ka bar ɗakin gwajin ji ya wuce ka, don yaro da yawa da ake cewa ya ƙi magana, kunne ne. Ka leƙa wurin masu koyar da magana da masu motsa gaɓoɓi, su ne suka fi ba da dabarar da za ta yi aiki a aji.

Tunda kana jin Hausa, ba makawa a ce ka yi tafinta idan an zo daga unguwar Aboabo ko Asawase. Ka faɗi abin da aka ce daidai. In Hajiya ta ce iska ce ta taɓa jikanta, kada ka gyara mata zance, kada ka yi murmushi. Ka isar, don daga nan likita zai tambayi abin da aka riga aka ba yaron. Abu ɗaya za ka nanata mata: a yi addu'a, amma kada a dakatar da maganin farfaɗiya sai da sanin likita. In ta tare ka a waje ta ce, "Malam, gaya mini gaskiya, me ke damunsa?", ka mayar da ita ciki ku tambaya tare.

Tun 2015 Ghana ke da manufar karantar da yaran nan tare da sauran yara, don haka za su zo ajin malaman da ba su taɓa shiga asibiti ba. Kafin ka gama, ka tsara takarda shafi ɗaya: me aka gani, da ƙarfe nawa, ya ɗauki tsawon wane lokaci, me ya faru kafin nan. Ka nuna wa likita ya gyara, sannan ka raba wa malamanka, uwa ta riƙa zuwa da ita ranar ganin likita.