Yadda za ka zaɓi aji ɗaya ko biyu ga mai sihiri a wasan Dungeons & Dragons

Kafin ka haɗa aji biyu (wato nau'in jarumi biyu) a bugu na 5 na wasan, tabbatar jaruminka yana da aƙalla maki 13 a baiwar da kowane aji yake buƙata, wato basira ga Wizard (masanin sihiri), hikima kuma ga Cleric (limami mai sihiri). Sannan ka lissafa asarar da za ka yi: mai mataki 3 a Wizard da 2 a Cleric ba zai iya shirya sihirin Fireball (ƙwallon wuta) ba, alhali Wizard zalla yana samunsa a mataki na 5. A ganina, idan sulke da garkuwa kake nema, ɗauki mataki ɗaya tak a Cleric, wanda ke ba da damar amfani da su, ka koma ajinka na Wizard, domin wanda ya wuce mataki 3 a wani aji ya rasa Wish (sihirin cika buri) har abada, tunda sai a mataki na 17 na Wizard ake samunsa, jimillar matakan jarumi kuma tana tsayawa a 20.