Yadda Ake Tsara Shirin Rage Mace-mace a Titunan Jos

Duk shekara idan watan Disamba ya gabato akan yi gangami a tashoshin mota, a ja kunnen direbobi, a raba takardu, sannan a watse sai baɗi. Wannan yana da amfaninsa, amma bai kai a kira shi shiri ba, domin shiri sai ya faɗi wurin da za a gyara, da wanda zai gyara, da kuɗin da za a kashe, da adadin rayukan da ake so a tsirar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe burin rage mace-mace da raunuka a kan hanya da rabi daga 2021 zuwa 2030, a daidai lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kusan mutum miliyan 1.19 ne ke rasuwa duk shekara ta wannan hanya. Kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ko kwamitin unguwa da ke son saukar da wannan buri zuwa titin ƙofar gidansa, ga inda ya kamata ya faro.

Aikin farko shi ne a san inda mutane ke mutuwa. A nemi bayanan shekara uku daga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da sashen 'yan sanda masu kula da zirga-zirga, da ɗakunan gaggawa na manyan asibitoci kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da Jankwano. Sai dai kada a tsaya a takardun ofis, domin haɗurra da dama a bakin titi ake sasanta su, mamaci kuma akan yi masa sutura a ranar ba tare da sunansa ya shiga wani littafi ba. Mai faci da mai shayi da 'yan kamasho sun fi kowa sanin kwanar da ke cin mutane, don haka a zauna da su. Kowane haɗari a ɗiga shi a kan taswira, a rubuta lokacin da ya faru, da irin abin hawan, da kuma ko wanda ya rasu fasinja ne, ko mai babur, ko mai tafiya a ƙasa. Galibi za a tarar ɗigon ya taru a wurare 'yan kaɗan, kuma da waɗannan wurare za a fara.

Daga nan sai a je wurin da ƙafa. A tsaya da ƙarfe bakwai na safe lokacin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta, a dawo bayan magariba a ga ko fitilun titi na kamawa. Mutum zai ga abin da taswira ba ta nunawa: mai keke ya tsaya ɗaukar fasinja a tsakiyar kwana, teburan masu tumatir sun cinye gefen titi har masu tafiya a ƙasa sun hau kwalta, yarinya ta riƙe hannun ƙaninta tana leƙen bayan tirelar da aka ajiye ta tare mata gani. A yi wannan duba da damina, a maimaita shi da hunturu lokacin da hazo ke rufe hanya, domin titin Jos na watan Agusta daban yake da na Janairu.

Kafin a rubuta wa kowa takarda, a tantance mai hanyar. Hanyoyin da suka fita zuwa Akwanga da Bauchi da Zariya na Gwamnatin Tarayya ne, gyaransu na hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar gyaran titunan tarayya, wato FERMA, yayin da wasu titunan cikin gari ke ƙarƙashin jiha, na cikin unguwanni kuma ƙananan hukumomi. Koken da aka kai ofishin da ba shi da hurumi yakan kwana a aljihun tebur.

Zuciyar shirin ita ce rage gudu, kuma a nan ya dace a zuba mafi yawan kuɗi da tunani. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafar direba ta kai kan birki ya riga ya wuce tsawon motoci uku. Idan aka ninka gudun, nisan da birki ke buƙata yakan ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, amma gaban makaranta da kasuwa da masallaci da coci, inda jama'a ke cakuɗa da motoci, 30 ya fi dacewa, kamar yadda taron ministoci na Stockholm ya ba da shawara a 2020. A ganina allo kaɗai ba ya rage gudu. Abin da ke ragewa shi ne titin da aka gina yadda direba ba zai iya gudu ba ko da yana so: tudun rage gudu mai faɗi wanda aka yi wa fenti da alama tun daga nesa, da wurin tsallakawa da aka ɗaga sama, da tsibiri a tsakiyar titi inda tsoho zai tsaya ya numfasa kafin ya ƙarasa ɗaya ɓangaren. Tudun da matasan unguwa kan yi da siminti cikin fushi bayan an buge yaro, ba fenti ba alama, shi kansa yakan kayar da mai babur da dare, shi ya sa ya fi kyau hukuma ta riga su yi.

Gangara irin ta Hawan Kibo, da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, maganinta daban ne. Tirelar da aka yi wa lodi fiye da kima, direba ya dogara da birki kaɗai maimakon ya sauko da giya ta ƙasa, birkinta zai yi zafi ya daina kamawa. Abin nema a nan shi ne wurin auna nauyi da duba birki kafin a fara gangarowa, da shingen ƙarfe a kwanoni, da wata 'yar hanya ta gefe da aka cika da tsakuwa, inda motar da ta ƙwace za ta nutse ta tsaya.

Batun tilasta doka a tasha ya fi sauƙi, tun mota ba ta tashi ba. Tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, kuma shugabannin ƙungiyar direbobi za su iya hana lodi ga motar da ba ta da ita, ko mai suɗaɗɗiyar taya, ko direban da ya kwana a hanya bai runtsa ba.

Dole shirin ya tanadi abin da za a yi bayan haɗari ya auku, domin da yawa daga waɗanda suka ji rauni a sa'ar farko ake rasa su. A rubuta lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da 112 ta gaggawa a jikin alluna a wuraren da aka ɗiga, a koya wa masu keke da masu shagunan kusa yadda ake danne jini da yadda ake ɗaga wanda ya ji rauni ba tare da an lanƙwasa masa wuya ba. A kuma sanar da jama'a cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa.

Kowane aiki a rubuta sunan ofishin da zai yi shi da watan da zai gama, a kuma miƙa buƙatar kuɗin tun ana haɗa kasafin shekara mai zuwa. Bayan kowane wata uku kwamiti ya koma kan taswirar ya ƙirga mamata da waɗanda suka ji munanan raunuka a kowane wuri, ya karanta adadin a gaban masu unguwanni da shugabannin tasha. Inda aka yi gyara amma ɗigon bai ragu ba bayan shekara guda, sai a sake komawa wurin da ƙarfe bakwai na safe a duba abin da aka tsallake.