Yadda za ka bi sawun fafaromomin da, daga Rum zuwa Avignon

In kana son ganin inda Fafaroma ya zauna a tsakiyar zamanin Turai, wato kusan ƙarni na 5 zuwa na 15, kada ka fara da Batikan. Zaman Batikan na dindindin ya kankama ne bayan 1377. Kafin nan, kusan shekara dubu, gidan Fafaroma yana Laterano, can wani gefen birnin Rum. Hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin A, ka sauka a San Giovanni.

Fadar da za ka tarar ba ta asali ba ce. Gobara ta ci tsohuwar, Fafaroma Sixtus na Biyar kuma ya rushe ragowar ya yi sabon gini a 1586. Tsallaka titi ka nufi Scala Santa, matakala 28 da masu ibada ke hawa a kan gwiwa. Kai ka bi ta gefe da ƙafa. A sama akwai ɗan ɗakin ibadar da Fafaroma ke keɓewa a ciki a da, Sancta Sanctorum. Shi ne abin da ya tsira.

Daga nan ka wuce Castel Sant'Angelo, ganuwar da fafaromomi suke fakewa a da in gari ya rikice. Nan Gregory na Bakwai ya ɓuya a 1084, sojojin Sarki Henry na Huɗu na Jamus suna cikin gari.

Ka ware yini guda don Viterbo, kilomita kamar 80 arewa da Rum. Fafaromomin wancan zamanin ba sa zama wuri ɗaya. Zafin Rum da zazzaɓin cizon sauro da rigimar manyan gidaje kan sa Fafaroma ya kwashi fadawa da magatakarda da masu dafa abinci ya yi Anagni ko Orvieto ko Perugia, kamar sarki ya fita rangadi. Viterbo na fi so. Ka shiga babban zauren fadar ka ɗaga kai ka dubi rufin. A nan kadinal-kadinal, wato manyan limaman coci, suka shafe 1268 zuwa 1271 sun kasa zaɓen sabon Fafaroma. Da mutanen gari suka gaji, suka kulle su a ciki, suka rage musu abinci zuwa burodi da ruwa, suka kuma yaye rufin don rana da ruwan sama su taya su shawara. A fadar nan ne dai ɗaki ya rufto wa John na 21 a 1277, ya yi ajalinsa.

Sauran tafiyar a Faransa take. Daga Faris jirgin ƙasa mai gudu zai kai ka Avignon cikin ƙasa da awa uku. Fafaroma bakwai, dukkansu Faransawa, sun yi mulki daga nan tsakanin 1309 da 1377. Benedict na 12 ya gina sashen farko na fadar Fafaroma a garin, bango mai kauri ba ado, don shi asalinsa ɗan zuhudu ne. Clement na Shida, mai son jin daɗi, ya ƙara nasa, har ya sayi garin kacokan a 1348 kan kuɗin zinariya 80,000.

Yawancin ɗakunan wayam suke, don an mai da fadar barikin soja daga baya. Saboda haka kada ka ɓata lokaci a manyan zauruka. Nemi kicin ka tsaya ƙarƙashin dogon bututun hayaƙinsa, ka ƙiyasta yawan naman da ake gasawa. Sauka baitulmali ka dubi ramukan da ke ƙarƙashin duwatsun daɓe, inda ake ɓoye kuɗi da kwanukan azurfa. Sannan ka hau ɗakin karatun Clement, Chambre du Cerf. Ka yi tsammanin zanen waliyyai, amma bangon cike yake da mafarauta da karnuka da masunta a bakin tafki. Je da sassafe, ɗakin ƙarami ne, kafin azahar ya cika da 'yan yawon buɗe ido.