Yadda zaka bi diddigin asalin gidan Mafiya da waɗanda suka riƙe shi, mu ɗauki na Shikago

In ka tambayi mutane waye ya kafa gidan Mafiyan Shikago kusan kowa Al Capone zai ce maka, alhali ba shi ya kafa ba, kuma shugabancin nasa gaba ɗaya daga 1925 ne zuwa 1931, shekara shida da ɗoriya kenan. Akwai wanda ya juya gidan na shekaru masu yawa bayansa amma ba kowa ya san sunansa ba. Wannan shi ke damuna da yadda ake bada tarihin gidajen nan, wato ƙungiyoyin masu aikata laifi na Italiyawan Amurka, ana bin wanda ya fi ƙaurin suna ana barin wanda ke da wuƙa da nama. Toh in kana son ka binciko da kanka, ga yadda nake ganin ya kamata ka bi, kuma hanyar zata maka aiki ko a Filadelfiya ko Bafalo ko Niu Olins, Shikago misali ne kawai.

Kar ka fara da uban daba, fara da unguwa da 'yan siyasarta. Kafin a samu wani abu da za'a kira gida, a Shikago akwai unguwar da ake cewa Levee, cike take da gidajen karuwai da na caca da mashaya, kuma tana ƙarƙashin kansiloli biyu na mazaɓa ta ɗaya, Michael Kenna da John Coughlin, su ke ɗaure wa harkar gindi. Jim Colosimo, ɗan yankin Kalabriya, a ƙarƙashinsu ya taso, yana tattaro musu ƙuri'un Italiyawa yana karɓo musu kuɗin kariya, sannan ya auri Victoria Moresco wadda dama tana riƙe da gidan karuwai, daga nan harkarsa ta buɗe. Kaga tun farko ƙarfin nasa a jikin siyasa yake. In ka tsallake wannan matakin zaka ɗauka bindiga ce kawai ta gina gidan, kuma ba zaka gane yadda akai suka daɗe ba'a taɓa su ba.

Sai ka koma kan mutanen ɗaya bayan ɗaya, ina aka haife su, yaushe suka shigo. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mai daɗin. Takardun fasinjojin jirgin ruwa na tsibirin Ellis suna intanet kyauta, tashar ta yi aiki daga 1892 zuwa 1954, wanda ya shigo Niu Yok kafin 1892 kuma sai ka nemi na Castle Garden, tsohuwar tashar karɓar baƙi, kamar Johnny Torrio, magajin Colosimo, da aka kawo shi yana ƙaramin yaro. Takardun ƙidayar jama'ar Amurka ana buɗe su ne bayan shekara 72, yanzu har na 1950 a buɗe suke, a ciki zaka ga gidan da mutum yake da waɗanda suke zaune tare da sana'ar da ya ce yana yi. Amma fa kayi hattara da suna. Cikin manyan gidan bayan Capone, Paul Ricca sunansa na yanka Felice De Lucia, Frank Nitti kuma Nitto ne asalin sunan, ga malaman da ke rubutawa suna jin suna su rubuta yadda kunnensu ya basu, saboda haka ka gwada rubutu kala uku ko huɗu kafin ka ce babu.

Me yasa garin haihuwa ke da muhimmanci haka? Saboda in ka jera su zaka ga abin da zai baka mamaki. Colosimo Kalabriya, Torrio Basilikata, Capone a Buruklin aka haife shi a 1899 iyayensa kuma daga wajen Napoli, Nitti da Ricca su ma ɓangaren Napoli. Babu ɗan Sisili ko ɗaya a cikinsu, ita kuwa Mafiya ta ainihi a wancan lokacin ta 'yan Sisili ce. Su 'yan Sisilin Shikago nasu layin daban, suna kokawar kujerar wata ƙungiyar taimakon kai da kai da ake kira Unione Siciliana. Shawarata ka raba takardarka gida biyu, layin Colosimo da Torrio da Capone a gefe guda, layin 'yan Sisili a ɗaya gefen, ka dinga cikawa da shekaru. A gefen Sisili zaka rubuta Mike Merlo wanda ya mutu da ciwo a Nuwamban 1924, sai Angelo Genna da aka kashe a 1925, Amatuna shima 1925, Tony Lombardo 1928, Lolordo farkon 1929, Joe Aiello 1930. Da kanka zaka ga kujerar nan ta zama kabari, kuma zaka ga layin ɗayan ne ya haɗiye wannan, shi yasa gidan Shikago da ake kira Outfit bai yi kama da gidaje biyar na Niu Yok ba, har waɗanda ba Italiyawa ba sun riƙe manyan muƙamai a cikinsa, irin su Jake Guzik mai riƙe lissafin kuɗi da Murray Humphreys.

Wani abu a gurguje, in ka ga tsoffin jaridu suna cewa Baƙin Hannu kar ka ɗauka ƙungiya ɗaya ce mai shugaba. Salo ne na tatsar kuɗi, a turo maka wasiƙa da zanen hannu a ce ka biya ko a hallaka ka, kowane ɗan iska na iya yi, kuma Italiyawa 'yan'uwansu suka fi yi wa. Shi kansa Colosimo an turo masa, dalilin da ake bayarwa kenan na kiran Torrio daga Niu Yok wajen 1909.

Daga nan sai ka ɗora kalandar doka a kan kalandar kisa. Haramcin giya a Amurka ya fara aiki a Janairun 1920, aka harbe Colosimo a gidan abincinsa 11 ga Mayu na shekarar, wata huɗu kacal a tsakani. Ba'a taɓa hukunta kowa ba, amma zargi ya fi faɗawa kan Frankie Yale, ɗan daban Niu Yok, da umarnin Torrio, wai don Colosimo ya ƙi shiga sumogar giya gadan-gadan. Haka zaka bi, an kashe Dean O'Banion shugaban 'yan arewacin birnin a shagonsa na furanni 10 ga Nuwamban 1924, kwana biyu bayan mutuwar Merlo wanda shi ke hana faɗan, yaran O'Banion suka rama suka harbi Torrio a Janairun 1925, ya tsira da ƙyar, ya yi zaman gidan yari na wasu watanni ya miƙa wa Capone ragama ya bar garin. Duk sauyin shugabanci ka tambayi kanka wane kuɗi ne ya shigo ko ya fita a lokacin. Da aka janye haramcin a Disamban 1933 gidan bai mutu ba, ya karkata ne zuwa caca da ƙungiyoyin ƙwadago.

Jarida dole ka karanta amma kar ka sakankance da ita. A Yunin 1930 an harbe wani ɗan jaridar Chicago Tribune mai suna Jake Lingle, aka fara yi masa kuka ana cewa jarumi ne ya mutu a bakin aiki, kwanaki kaɗan sai ga asiri ya tonu ashe yana cin kuɗin 'yan daba kuma yana da alaƙa da Capone, yana rayuwar da albashinsa ba zai taɓa ɗauka ba. Irin mutanen da ke kawo labarin da zaka karanta kenan a wasu lokuta. Ka ɗauki kwanan wata da wuri daga jarida, dalili da waye ya bada umarni kuma ka nema a wani wajen.

Takardun kotu sun fi, don akwai rantsuwa akwai lissafi. Shari'ar Capone ta Oktoban 1931 kan ƙin biyan haraji ce, aka bashi shekara 11, kuma jami'an haraji irin su Frank Wilson da suka zauna kan littattafan gidajen caca su suka kada shi, ko da yake Eliot Ness, jami'in yaƙi da sumogar giya, shi ya kwashe suna. Sai shari'ar 1943 kan tatsar kamfanonin fim na Hollywood ta hanyar ƙungiyar ma'aikata, wannan ita nake so ka zauna a kanta sosai in shugabanci kake nema. Jaridu tun bayan Capone suna kiran Nitti shugaba, amma da aka fitar da tuhuma Nitti ya harbe kansa 19 ga Maris 1943, gidan kuma ko girgiza bai yi ba. Ricca aka yanke masa shekara 10, a 1947 har an sake shi, abin da ya jawo surutu har majalisa ta bincika. Masu bincike da yawa na ganin tun kafin nan maganar Ricca ta fi ta Nitti nauyi, kuma ni dai hujjar ta zauna min. Haka abin ya maimaita kansa a 1957, Tony Accardo ya ja baya ya tura Sam Giancana gaba, shi ke shan hoto shi FBI ke bi, amma manyan hukunce-hukunce sai Ricca da Accardo sun amince. Giancana ya tafi Meziko a 1966, aka kashe shi a gidansa a 1975, Accardo kuwa ya mutu a gadon asibiti a 1992. Saboda haka a takardarka ka buɗe gurbi biyu ga kowace shekara, wanda ake cewa shugaba da wanda in ya ce a'a maganar ta mutu.

Fayilolin FBI kuma akwai da yawa a shafinsu, wasu zaka iya nema ta dokar 'yancin samun bayanai. Sai dai ka sani hukumar bata maida hankali sosai kan Mafiya ba sai bayan da 'yan sanda suka tarwatsa taron shugabannin Mafiya a garin Apalachin a Nuwamban 1957, duk da kwamitin Sanata Kefauver mai binciken ƙungiyoyin laifi ya zagaya birane tun 1950 da 1951. Ma'ana duk abin da fayil ya faɗa kan shekarun 1920 yawanci tsoho ne ke tuno baya bayan shekara talatin ko arba'in, ko mai tsegumi da ke neman sassauci, ko hirar da aka naɗa a ɓoye mutum na cika baki gaban yaransa. Ka duba ranar da aka rubuta fayil ɗin ka duba ranar da abin ya faru, in tazarar tayi yawa ka nemi shaida ta biyu. Shaidar da Joe Valachi ya bayar gaban majalisa a 1963 ma haka, ɗan gidan Niu Yok ne kuma ƙaramin yaro a cikin gidan, abin da ya sani kan Shikago ji ya yi.

In ka zo rubutawa ka sa alama a gaban kowane layi, wannan kotu ta tabbatar, wannan zargi ne, wannan mutum ɗaya ne ya faɗa. Kisan 14 ga Fabrairun 1929 a garejin titin Clark, mutum bakwai, kowa Capone yake ɗora wa, amma ranar yana Filorida kuma ba'a hukunta kowa a kai ba, dole ya shiga layin zargi komai ƙarfin zargin. Kuma don Allah ka rubuta sunayen waɗanda aka kashe da sana'arsu kamar yadda ka rubuta na shugabannin, cikin bakwai ɗin nan akwai John May, makanike ne da ke gyara musu motoci, akwai Reinhardt Schwimmer mai harkar tabarau da ke son zama cikinsu kawai. Takardar shaidar mutuwa da rahoton binciken gawa na gundumar Cook, inda Shikago take, su zasu baka shekarun mutum da adireshinsa da wanda ya zo karɓar gawar.