Yadda ake gane sinadaran tauraro daga haskensa

Da farko sai ka baje hasken. Ka ɗaura gilashi mai siraran tsage a gaban kyamarar na'urar hangen nesa, hasken tauraron zai warwatse launi-launi kamar bakan gizo. Ni dai mai koyo wajen tauraron Vega nake tura shi, don yana da haske, layukansa kuma ɓaro-ɓaro suke.

Ka zuba ido, za ka ga baƙaƙen layuka sun ratsa launukan. Masanin kimiyya Fraunhofer ya zana irinsu a hasken Rana a 1814, masana Kirchhoff da Bunsen kuma suka bayyana dalili a 1859: kowane sinadari da ke saman tauraro yana da wuraren da yake shanye haske, nasa shi kaɗai. Amma kada ka yi gaggawar raɗa wa layi suna. Ka ɗauki hoton fitilar neon da wannan na'urar, ita ce ma'auninka, don an san wurin kowane layinta. Sannan ka gwada: layukan haidirojin na nanomita (ma'aunin wurin layi a cikin launukan) 656.3 da 486.1, sodiyam tagwaye ne a 589.0 da 589.6. Wanda ka gani wajen 760 kuwa oksijin ɗin iskar duniyarmu ne, ka cire shi.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne lissafin yawa. Kaurin layi ba shi ne yawan sinadari ba. Layukan haidirojin na Vega sun fi na Rana kauri nesa ba kusa ba, alhali dukansu cike suke da haidirojin. Zafi ne ya raba su: saman Vega ya haura digiri 9,000, na Rana bai kai 6,000 ba. Wannan ne masaniyar taurari Cecilia Payne ta warware a 1925 da lissafin Saha, mai nuna yadda zafi ke shafar sinadarai, ta nuna haidirojin ya fi komai yawa a taurari. Don haka ka fara tantance zafin tauraron, sannan ka auna zurfi da faɗin kowane layi, ka kwatanta da layukan da kwamfuta ta lissafa, kana ƙara sinadari kana ragewa a lissafin har su zo daidai.

Kuma rashin layi ba ya nufin babu sinadarin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin Rana hiliyam ne, amma ba za ka ga baƙin layinsa a hotonka ba, zafinta bai kai ya motsa shi ba. A 1868 aka fara hango shi, layi rawaya mai haske a gefen Rana, a nanomita 587.6.