Matakan neman tallafin SBIR na ma'aikatar tsaron Amurka

Shirin SBIR, wanda aka kafa a 1982, tallafin gwamnati ne na bincike da ƙirƙira ga ƙananan kamfanonin Amurka masu ma'aikata da ba su wuce 500 ba.

1. Fara da rajista a SAM.gov, shafin rajistar masu hulɗar kasuwanci da gwamnatin Amurka, ka karɓi lambar UEI da ta CAGE, wato lambobin shaidar kamfani. Kyauta ce, kada wani ya ci kuɗinka. Sai dai tana iya ɗaukar makonni, kuma idan adireshi ya ɗan saɓa da na takardun kamfani sai a mayar da kai baya.
2. Yi rajistar kamfanin a SBIR.gov.
3. Buɗe asusu a DSIP, shafin ma'aikatar tsaro na karɓar takardun neman tallafin, ka duba matsalolin da sojoji ke neman mafitarsu. Kafin a fara karɓar takardu, kana iya yi wa jami'in da ya rubuta batun tambaya kai tsaye. Kada ka yi wasa da wannan damar.
4. Tura takardar neman tallafin matakin farko na shirin, mai nuna dabararka za ta yiwu, tun kafin ranar rufewa.