Yadda za a shawo kan masu shaguna kafin a dasa bishiya a bakin titi

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran a-daidaita-sahu a bakin titi a Kano cikin watan Afrilu da misalin ƙarfe biyu na rana ya san ba sai an yi masa wa'azin amfanin bishiya ba, zafin nan yana haura 40, kwalta na tururi, mai shago ma da kansa ya ja benci ya koma can ƙurya yana fifita da kwali. To amma abin da zai baka mamaki shi ne, ranar da aka ce za a zo a dasa bishiya a ƙofar shagonsa, wannan mutumin shi ne na farko da zai miƙe ya ce bai yarda ba. Na ga wannan da idona, mu da wasu samari mun taɓa yin dashe a wani layi mai shaguna, ba a rufa wata biyu ba rabin bishiyoyin sun tafi, wasu an tsige da dare, wata an zuba mata baƙin mai na janareta a gindi. Abin ya yi min ciwo wallahi, kuma sai daga baya da na zauna da mutanen na gane ashe ba bishiyar suke ƙi ba, yadda aka kawo ta suke ƙi. Shi yasa na ce bari in rubuta wa duk wata ƙungiya ko kwamitin unguwa ko ma'aikacin muhalli da zai shiga irin wannan aiki, kar ya faɗa ramin da muka faɗa.

Kafin ka taɓa diga ko shebur, ka fara da ƙafarka. Ka bi layin shago shago, ba da takarda a hannu ba, ba da rigar ƙungiya ba, ka yi sallama ka zauna ka tambaya: Alhaji, in da za a sa bishiya a nan, me zai dame ka? Sai ka yi shiru ka saurara, don amsar da za ka ji ita ce taswirar aikin gaba ɗaya. Mai shagon atamfa zai ce maka za ta rufe masa allon suna da kayan da yake ratayewa a waje, kuma kayan nan su ne tallarsa. Mai sayar da siminti ko shinkafa zai ce ina mota za ta tsaya a sauke lodi, 'yan dako ta ina za su bi. Mai kemis zai ce ganye zai toshe lambatu, ruwa ya shigo masa a watan Agusta. Wani zai ce inuwa tana tara zauna-gari-banza. Sannan akwai wanda ba za a faɗa maka a zaman farko ba: filin nan na gaban shago, ko da na gwamnati ne a takarda, sau da yawa mai shago ya bai wa mai tebur ko mai caji ko mai shayi yana karɓar ɗan wani abu duk wata, ka ga kenan raminka ya faɗa tsakiyar abincin mutum biyu. Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai tsoro, mutanen kasuwa sun saba duk ranar da aka zo da maganar gyaran titi to rusau ne ke biyo baya ko tara, don haka suna ganinka da igiyar awo gabansu ke faɗuwa.

Kar ka yi musu da ko ɗaya. Yawancin waɗannan koke-koke gaskiya ne, kuma kowanne yana da magani in an zauna.

Bayan nan ka nemi manya. Kowane layi na kasuwa yana da shugabansa, akwai ƙungiyar 'yan kasuwa, akwai mai unguwa, akwai limamin masallacin da suke sallar azahar. Je ka same su tun kafin a ce an gama tsari, don in ka zo da abin da aka riga aka yanke, ba shawara ka kawo ba sanarwa ka kawo, kuma sun san bambancin. Liman kan tuna wa jama'a hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu musulmin da zai dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zame masa sadaka. Amma ka bar wannan a bakin liman, kai kar ka ɗauke shi kana dukan mutane da shi, mutumin da ke tunanin kuɗin haya ba ya son yaro ya zo yana nuna masa kamar bai san addini ba. A ɗaya ɓangaren kuma ka samu izini a rubuce, gefen titi na gwamnati ne, a Kano akwai ma'aikatar muhalli da hukumar tsara birane KNUPDA, ka tambaya ko akwai shirin faɗaɗa titin ko haƙa magudanar ruwa nan kusa, ka tambaya ina bututun ruwa ya bi. Takardar nan ita za ka nuna wa masu shaguna su ga cewa dashe ne kawai, babu rusau a bayansa.

Yanzu wurin da aka fi yin kuskure, wato inda za a haƙa ramin. Masu tsari suna son su ja igiya su ce duk mita kaza rami ɗaya, ya yi kyau a hoto, amma igiya ba ta san ƙofar shago ba. Ka bar mai shago ya nuna wurin da ƙafarsa. Abin da ya fi aiki shi ne kan iyaka, daidai inda bangon shago biyu ya haɗu, nan ba ta tare ƙofar kowa ba, ba ta rufe allon kowa ba, kuma inuwar ta zama ta mutum biyu. Na tuna wani dattijo mai sayar da kayan gini da ya fi kowa zafi a kanmu, a zuwa na biyu na ce masa, Baba, ku za ku nuna mana, inda kuka taka nan za mu haƙa, in kuma kun ce babu to babu. Ya daɗe yana kallona, sai ya tashi ya ɗauki wani guntun bulo ya je ya ajiye can gefe kusa da inda yake shimfiɗa dardumarsa, ya ce nan, don rana tana dukana da la'asar. Bishiyar nan har yau tana nan, shi ya sa yaransa suka kewaye ta da ragowar bulo. Wanda kuma ya ce a'a, a tsallake shi da mutunci, kar a dasa masa da dare, in maƙwabcinsa ya fara shan inuwa shi zai neme ku.

Sai zaɓen irin bishiya, nan ma a yi hattara sosai. Ɗaga kai ka duba sama tukuna, in akwai wayar wuta ko falwaya ko tiransifoma, kar ka sa babbar bishiya, don bayan 'yan shekaru za a zo a datse mata kai. Cediya da durumi da gamji inuwarsu babu kamarta, amma saiwarsu tana tsaga daɓe tana shiga lambatu, wurinsu fili ne mai faɗi kamar bakin tasha ko ƙofar masallaci, ba gaban shago mai taku huɗu ba. Itacen turare dogo ne, inuwarsa kaɗan, ga shan ruwa, ga reshe mai karyewa in iskar farkon damina ta taso. Mangwaro kowa na so amma ka tuna da jifa, yara za su yi ta wurga dutse, gilashin shago da na mota ne za su ji a jikinsu. Darbejiya, wato dogon yaro ko maina, ita ce ta fi jure wahalar garuruwanmu, asalinta daga Indiya ne amma ta zama 'yar gida, duba Maiduguri ka gani, sai dai ita ma tana son a ba ta tazara daga bango, ko mita uku in wuri ya samu. Maɗaci yana da kyau a titi mai faɗi, matsalarsa masu ɓare shi don magani. In gefen titin ƙunci ne ƙwarai to gara ƙaramar bishiya da za a iya sarrafawa, ko ma a haƙura da wannan ɓangaren a koma tsallake.

Maganar allon suna kuwa, amsarta aski ne. Ka yi musu bayani cewa tun tana ƙarama za a riƙa cire rassan ƙasa tana miƙewa, har kanta ya wuce saman allo, sai ya zama gangar jiki ce kawai a gaban shago inuwa kuma a sama. Shekara biyu zuwa uku na farko ne za ta ɗan tare, kar ka ɓoye musu wannan, gara su ji daga bakinka.

Lokacin dashe shi ne da damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ƙasa ta jiƙu kuma akwai sauran ruwa a gaba. A Nijar ma ranar 3 ga Agusta suke dashensu na ƙasa baki ɗaya, tsakiyar damina kenan. Rami ya kai kamar santimita 60 faɗi da zurfi, a kwashe ɓaraguzan siminti da leda, a haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a yanke ledar dashen kafin a sa, don na sha ganin an binne da ledar. Keji dole ne, awakin gari ba sa barin komai, kuma babur ma yana jingina. A yi shi da ƙarfe ko bulo mai ramuka, mai tsayin da akuya ba za ta miƙa wuya ba.

Amma duk wannan ba shi ne ke kashe bishiyar titi ba, rani ne, daga Nuwamba har zuwa Mayu babu ɗigon ruwa, masu dashe sun ɗauki hoto sun tafi. Don haka tun ranar farko a yanke wa ke ba da ruwa, da suna, ba a ce jama'a ba. Jarka ɗaya ta mai ga-ruwa sau biyu a sati tana riƙe ƙaramar bishiya, kuma in ramin yana kusa da inda ake alwala to rabin aikin ya ƙare, ruwan alwala ya ishe ta, sai dai banda ruwan omo da na wankin inji. In ƙungiya tana da ɗan kuɗi gara ta rage yawan dashen ta ware kuɗin ruwa na rani biyu, goma masu rai sun fi ɗari da suka bushe. Shara ma a faɗi wa zai yi, da yashe lambatu kafin damina, a rubuta a takarda ɗaya shugaban layi ya sa hannu, har da alƙawarin cewa in reshe ya dami mutum yana da wanda zai kira a zo a sare a cikin sati.

Abin da manoman Maraɗi suka nuna wa duniya ya shafi wannan kai tsaye. Tun shekarun 1980 suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski, Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, na cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, har abin ya kai miliyoyin hekta a yankunan Maraɗi da Damagaram, kuma babban abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya yarda itacen nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji da zai ci shi tara ba. Mai shago ma haka yake. Ka bar shi ya sa bencinsa a ƙarƙashi, mai shayin da yake wurin a bar shi a wurinsa, in yana so a rubuta sunan shagonsa a jikin kejin a rubuta, in ya ce sadaka ce ga mahaifinsa da ya rasu to ta fi ƙarfin a tsige ta.

Kuma ku dawo. Sati biyu bayan dashe ku zagayo, sannan duk wata, da almakashin aski da jarka a bayan babur, wadda ta mutu a canza ta da damina mai zuwa ba tare da an zargi kowa ba. Kar ku fara da titi guda, ku ɗauki shaguna goma ko sha biyar da suka yarda, su za su yi muku magana da sauran layin idan Afrilu ta zagayo.